Hula Sittin da Uku

Da Ya Fanna ta kwanta bayan Azahar, sai Zinariya ta ja ƙofar ɗakin girki a hankali, ta ɗora buta a wuta, ta zaro hular da tsohuwar ta gama saƙawa da safe. Wutsiyar zaren kawai take nema ta ja. Aikin da ya ci wa uwar mijinta kwana uku, cikin minti biyar ya koma zare a cinyarta, duk ya lanƙwashe kamar taliyar yara. Sai ta riƙa bi da shi ta bakin butar, tururi na miƙar da shi, ta rataya a bayan kujera ya sha iska. Daga nan ta yanko sabon kwali mai faɗin yatsa biyu, ta yi masa tsaga sama da ƙasa, ta hau naɗi. Wata bakwai ke nan tana wannan aiki, hannunta ya saba har ba ta dubawa, amma har yau ko ƙyaure ya motsa sai ta waiwaya.

Ya Fanna ba ƙaramar mace ba ce a inda ta fito. Shekara talatin da wani abu tana ungozoma a wani ƙauyen masunta can gaba da Haɗeja, kuma rabin mutanen garin a hannunta suka faɗo. Ciwon suga ne ya bi ta a hankali, ya ci idon ya bar mata inuwa-inuwa, ya zo kan yatsunta ya kashe su, har ta kai ko allura ta soke ta sai dai ta ga jini, in da tana gani. Ɗanta Abdussamad, wanda ke aiki a sakatariya, ya ɗauko ta ya dawo da ita gidansa a Takur cikin Dutse. Aka ba ta ɗaki mai fanka, aka sayo mata katifa sabuwa, ita kuwa ta juya wa duniya baya. Wuni take a zaune ta fuskanci bango. In Zinariya ta kawo abinci ta ɗan taɓa ta ture, in an ce mata sannu ta ce, "Sannun me? Ai ajiya aka kawo ni."

Ana cikin haka wata ranar Lahadi Mu'minatu ta zo gidan. Ƙawar Zinariya ce tun suna sakandare, yanzu nas ce a ɗakin bakwaini na wani asibiti a cikin gari. Cikin hira take cewa abin da ke damunta shi ne matan ƙauye da haihuwa ke zo musu ba shiri, ba riga ba hula, ga kan bakwaini ba ya son sanyi ko kaɗan. Sai suka ji murya daga ɗaki, muryar da suka kwana biyu ba su ji da ƙarfinta ba.

"Ke 'yar nan, kan nasu kamar yaya yake? Ya kai lemon zaƙi?"

"Kamar haka, Iya. Wani ma bai kai ba."

"To a samo mini kwarashi da ulu. Tun ban yi aure ba nake saƙa."

Washegari Zinariya ta biya kasuwa daga makarantar firamaren da take koyarwa, ta sayo kwarashi da ulu kala huɗu a shagon wani Falalu mai kayan ɗinki. Matsalar farko da aka samu ita ce dunƙulen zaren. Da tsohuwar ta ja sai ya gangara ƙarƙashin gado, ta bi shi da rarrafe tana lalube tana faɗa da shi kamar yana ji. Zinariya ce ta kawo dabarar naɗi. Ta auna zare gaba ashirin da biyar, ta naɗe a ɗan kwali yadda zai zauna cikin tafin hannu, in zaren ya ƙare hula ta ƙare, babu lissafi babu kwance-kwance. Ya Fanna ta jujjuya shi ta yi dariya, ta ce wannan ai kwarkwaro ne irin na masaƙan garinsu, sunan kuwa ya bi shi. Kullum da sassafe sai a ji ta, "Zinariya, ina kwarkwarona?"

Hula huɗu ta fara gamawa, fara da rawaya da kore da shuɗiya. Zinariya ta ninke su a leda ta kai asibiti tana murna, don ita ba ta tsaya ta dube su da kyau ba. Mu'minatu ce ta baje su a kan tebur, ta ɗaga wannan ta ɗaga waccan, fuskarta ta sauya.

"Zinariya, ki yi haƙuri, ba zan iya sa wa ɗan mutane wannan ba."

"Don me?"

"Duba nan. Ta tsallake ido ya fi goma, ga rami babban yatsana na wucewa. Ga madaukai sun zazzago. Yatsan bakwaini bai fi tsinken ashana ba, in ya shige nan ya naɗe, kafin a farga ya kumbura. Wannan koriyar kuma ta matse, ko kan 'yar tsana ba za ta shiga ba." Ta mayar da su cikin ledar a hankali. "Ki lallaɓa ki gaya mata. Babba ce, za ta gane."

Zinariya ta dawo tana shirya maganar a ranta tun daga cikin adaidaita. Tana tura ƙofar gida ta tarar da tsohuwar a tsaye a tsakar gida, ta dafa igiyar shanya, ta juyo da fuska wajen motsin. Matar da ta yi wata huɗu ba ta leƙo waje ba sai don alwala.

"Sun karɓa?"

Duk maganar da aka shirya ta bi iska. "Sun karɓa, Iya. Har suna ta godiya."

Ranar Ya Fanna ta cinye tuwonta tas, ta nemi ƙari. Abdussamad ya dawo ya ji uwarsa na ba da labarin wata haihuwar tagwaye da ta karɓa a cikin kwalekwale, ya kalli matarsa da idon godiya, ita kuwa ta sunkuyar da kai tana kwashe kwanuka.

A yi wa Zinariya adalci, ba da niyyar cuta ta fara warwara ba. Cewa ta yi za ta warware hulunan ta sake saƙa su da hannunta, ta kai asibiti da sunan Iya, kowa ya huta. Sai dai rabonta da kwarashi tun tana aji uku, ga makin yara arba'in da wani abu, ga girki, ga wanki. Ta warware ta naɗe a kwali, wai kafin ta samu lokaci. Da gari ya waye tsohuwar ta ƙwala kira tana neman kwarkwaro, kasuwa da nisa, ga kuma naɗaɗɗe guda huɗu a cikin kwabet yana kallonta. Ta ɗauko ɗaya ta miƙa. Abin ya zo da sauƙin da ya ba ta tsoro, kuma in za a faɗi gaskiya duka, har da ganda a ciki. Wani zai ce me ya hana ta sayo sabon zare. Ta yi wannan tunanin. To hulunan da suka lalace fa, ina za ta kai su? Zuba aikin hannun tsohuwa a bola ya fi ƙarfin zuciyarta, ɓoyewa kuma ba ta yiwuwa a gidan da makauniya ke lalube ko'ina. Haka zare huɗun nan suka yi ta zagaye, daga ɗaki zuwa ɗakin girki, daga ɗakin girki zuwa ɗaki.

Abin da ba ta taɓa kawowa a ranta ba shi ne kwalayen. Ashe duk kwarkwaron da zarensa ya ƙare, Ya Fanna ba ta yar da kwalin. Gwangwanin madara ta samu take tara su, ta ce kowane ɗaya yaro ne. Dole Zinariya ta riƙa yanko sabo kowane karo, daga kwalin sabulu, kwalin shayi, har bangon tsofaffin littattafan 'yan ajinta. Bayan sallar Asuba, lokacin da take dama koko, sai ta jiyo an buɗe gwangwanin, tsohuwar na ɗaukar su ɗai-ɗai.

"Allah ka raya mai wannan. Allah ka raya mai wannan, na ji a jikina mace ce, ka ba ta miji nagari. Wannan na watan azumi ne, yanzu ya isa zama, Allah ka tsare shi daga ƙyanda."

Ƙarshen addu'ar kuma ba ya canzawa. "Allah ka yi wa 'yar nan Zinariya albarka. Ita ke naɗi ni ke saƙa, ka raba mana ladan daidai."

Nan ne ludayi ke tsayawa a hannun Zinariya. Da zagi ne da ya fi mata sauƙi. Sau nawa ta ajiye kokon ta nufi ɗakin da nufin yau sai ta faɗa, ta iske tsohuwar fuska a sake tana laluben kwarashi, sai ta ɓuge da cewa, "Iya, a sa miki suga kaɗan ne ko a bar shi haka?" Ga kunya, ga tsoron kada matar ta koma fuskantar bango. Duk bayan kwana uku kuma maganar na ƙara nauyi da kwali ɗaya.

Shi ma zaren ya fara gajiya. Ulun da aka saƙa aka warware sau goma sha biyar ba ya ɓoye wahalarsa, ya sirance, ya yi gashi-gashi, farin ya koma ruwan toka. Yatsun Ya Fanna ba sa jin wannan, amma tana jin in ya tsinke, ga shi kuwa ya kama tsinkewa a kai a kai.

"Wannan Falalun ya ji tsoron Allah," in ji ta. "Ruɓaɓɓen zare yake sayar miki don ya ga ba ki da faɗa. Ki gaya masa na marasa lafiya ne."

"To, Iya, zan gaya masa."

Bawan Allah Falalu, wanda sau ɗaya tak ya taɓa sayar musu da zare, ya sha tsinuwa daga nesa bai san hawa ba bai san sauka ba. Zinariya ta daina bi ta layin shagonsa, ko maɓalli take nema sai ta zagaya.

Daga gidan da suke katanga ɗaya asirin ya fara tonuwa. Maƙwabciyarsu Zulfa ta haihu cikin wata na bakwai, aka kwantar da ita da jaririn a ɗakin su Mu'minatu har sati biyu. Ya Fanna ta kasa zaune ta kasa tsaye. Yau ga yaron da za ta taɓa da hannunta.

"Yanzu haka hulata na kansa," take cewa. "Allah ya sa rawaya suka ba shi, ta fi laushi."

Sati biyun nan Zinariya ba ta ji daɗin abinci ba. Ta yi tunanin ta je asibitin ta roƙi Zulfa ta rufa mata asiri, ta yi tunanin ta sayi hular kanti ta ce ta Iya ce. Kowace dabara sai an ƙara mutum ɗaya a cikin ƙaryar, ita kuma bakinta ya ƙi buɗuwa. A ƙarshe ta yi abin da ta fi iyawa, ta yi shiru tana fatan tsohuwar za ta manta, kamar an taɓa ganin ungozoma ta manta da jariri.

Ranar Juma'a da hantsi aka sallamo Zulfa da jaririnta. Kafin La'asar ɗakin Zulfa ya cika da matan unguwa 'yan barka. Zinariya ta riƙo hannun Ya Fanna ta zaunar da ita a bakin gado, aka miƙa mata yaron. Yadda ta karɓe shi kaɗai ya isa a san sana'arta, hannu ɗaya a ƙeya, ɗaya a ƙugu, ba rawa ba ɗar-ɗar. Ta yi masa addu'a, ta sunkuya ta goga kumatunta a kansa.

"Wace kala suka ba shi?"

"Wace aba, Iya?" in ji Zulfa.

"Hular mana. Ta asibiti, wadda ake raba wa bakwaini."

"Wannan ai babansa ne ya sayo a kasuwa. Ba a raba hula a can, Iya. Wadda ke gadon kusa da ni, wata 'yar ƙauye daga wajen Kiyawa, ɗankwalinta ta yaga biyu ta naɗa wa 'yarta."

Ya Fanna ta ɗago kai a hankali. "Sati biyu kina ɗakin, ba ki ga hular saƙar hannu ba? Fara, ko rawaya, ko kore?"

"Wallahi ko ɗaya."

"Zinariya, kin ji?"

"Na ji, Iya."

Ga ƙofar faɗin gaskiya a buɗe, kalma uku kawai ake nema, amma Zinariya ta ƙura wa ledar ɗakin ido kamar an ba ta aikin ƙirga zanenta. Tsohuwar ta miƙa jaririn.

"Hula sittin da uku na aika. Sittin da uku, da idon da babu, da hannun da ba ya ji. A hannun Mu'minatu ake ba da su, yarinyar da ke zuwa gidana ta durƙusa ta gaishe ni. Ashe kasuwa take kai su, 'ya'yan talakawa na kwance da tsumma a ka!"

Ɗaki ya ɗauki salati. Mata kuwa ba a ba su irin wannan su mayar. Wata ta ce ai ta san Mu'minatun, ba ita ce mai sabon mashin ba? Wata ta ce dama tun da ta ga irin leshin da take sawa ta san ba albashi kaɗai ba ne. Kafin a sha ruwan da aka kawo, an gama yi wa Mu'minatu shari'a an yanke hukunci. Zinariya na zaune a tsakiyarsu, tana jin ana yanka ƙawarta da wuƙar da ita ta wasa, ba ta ce uffan ba. Ba ta taɓa raina kanta irin na wannan yammacin ba.

Suna shiga gida Ya Fanna ta ce gobe da safe sai an kai ta asibitin. Zinariya ta zagaya bayan ɗakin girki ta kira Mu'minatu, ta zayyana mata komai cikin raɗa. 

"Wata bakwai, Zinariya? Ni na zaci tuni kin gaya mata ta haƙura."

"Ki taimake ni. In mun zo ki ce asibitin Jahun ake kai su, can aka fi buƙata."

"In yi wa makauniya ƙarya, bayan an kira ni ɓarauniya a unguwarku kina zaune?" Muryar Mu'minatu ba ta tashi ba, hakan ya fi ciwo. "Ba zan tona ki ba, amma ba zan ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da kika gina ba. In ta tambaye ni, zan ce ta tambaye ki."

Da safe Ya Fanna ta sa zaninta na fita, ta yafa babban mayafi, ta rungumi gwangwanin madarar a matsayin shaida. Zinariya ta jefa wani abu a jakarta, farar hular da aka gama ranar Alhamis, wadda rikicin barka ya hana ta warwarewa. Suka tari adaidaita a bakin titi. Duk hanya tsohuwar na bitar abin da za ta faɗa, har da cewa in yarinyar ta yi gardama sai ta ga babban likita. Suka sauka a ƙofar asibitin, wajen masu lemo da ayaba. Saura taku kaɗan su shiga, Zinariya ta tsaya.

"Iya, mu ɗan zauna."

"Zaman me? Rana na yi."

"Don Allah, Iya."

Akwai benci a gindin wata darbejiya. Ta zaunar da ita, ita kuma ta durƙusa a ƙasa a gabanta, ba ta damu da masu wucewa ba.

"Mu'minatu ba ta ci komai ba. Hulunan ba su taɓa zama a hannunta ba. Ni ce."

"Ke ce me?"

Sai maganar ta ɓalle gaba ɗaya, ba tsari, da kuka a ciki, ramukan da madaukan, ledar da ta dawo da ita, butar da tururin, kwalin sabulu. Ya Fanna ba ta katse ta ba. Da ta gama, tsohuwar ta miƙo hannu.

"Akwai ɗaya a nan?"

Zinariya ta sa mata farar hular a tafi. Ta jujjuya ta, yatsun ba su gaya mata komai ba. Sai ta kai ta bakinta, ta riƙa bi da ita a kan leɓɓanta a hankali, layi bayan layi. Ta tsaya a wani wuri. Ta tura babban yatsa, ya fita ta ɗaya gefen har gindinsa. Ta ci gaba, ta sake samun wani.

"Tun yaushe suke haka?"

"Tun na farko."

"Ko ɗaya ba ta hau kan yaro ba?"

"Ko ɗaya, Iya."

"Zaren fa?"

"Shi ne dai. Huɗun nan na ranar farko."

 Zinariya ta so a ce tsohuwar ta ɗaga hannu ta mare ta a gaban masu lemon nan, ko ta yi mata irin faɗan da ta tanadar wa Mu'minatu. Ba ta samu ko ɗaya ba.

"Ashe har haƙƙin Falalu na ɗauka," in ji Ya Fanna a ƙarshe. Ta dafa bencin ta miƙe. "Tashi ki kai ni wurin yarinyar nan. Na ci namanta a gaban mutane."

Mu'minatu ta fito baranda cikin fararen kayanta. Kafin ta gaishe su, tsohuwar ta fara ƙoƙarin kai gwiwa ƙasa, sai da Mu'minatu ta riƙe ta da hannu biyu tana cewa, "Subhanallahi, Iya, ki rufa mini asiri." Ya Fanna ta ce ta yi mata ƙazafi jiya, ta yafe mata don Allah. Daga nan ba gida ta ce a kai ta ba, sai gidan Zulfa. Ta sa aka kira matan da suka fi kusa, ta tsaya a tsakar gida ta ce maganar jiya kuskurenta ne, hulunan ba su yi kyau ba shi ya sa ba a raba su ba, duk wadda ta kai maganar Mu'minatu wani wuri ta bi ta dawo da ita. Wata ta tambaya to ina hulunan suke. Ta ce, "Suna gida." Sunan Zinariya bai fito daga bakinta ba ko sau ɗaya. Zinariya na tsaye a bayanta riƙe da gwangwani, tana kallon tsohuwa mai shekara saba'in na wanke ɓarnar da ba ita ta yi ba.

A gida Ya Fanna ta shige ɗaki ta yi Azahar, ba ta kwanta ba. Zinariya ta kai abinci ta zauna a bakin ƙofa.

"Iya, ki yafe mini. Na ga kin fara cin abinci, kina dariya. Na ji tsoron in na faɗa za ki koma yadda kike."

"Da kin faɗa, da na yi kukana kwana biyu na share hawaye. Na taɓa fita na gaya wa miji matarsa ta rasu, ga ɗansa a hannuna. Kina ganin ramin hula ne zai kashe ni?" Ta numfasa. "Ko naɗin nan da kin koya mini ai da na iya, a kai wa masu ido su saƙa. Amma kika bar ni kullum da asuba ina kiran yaran da babu su a gaban Ubangijina."

Zinariya ta share hawayenta.

"Ɗauki gwangwanin ki hura wuta da su, kwali ne. Kada ki gaya wa mai gidan nan, ransa zai ɓaci a banza. Na yafe miki, 'yar nan. Je ki yi aikinki."

Zinariya ta fito da yafiyar a hannu, amma ba ta ji sauƙin da ta zata ba. Ta shiga ɗakin girki ta ajiye gwangwanin a saman kwabet, ta kasa buɗe shi. Ta wanke kwanukan da ba su da datti, ta share inda ta riga ta share, har aka kira La'asar.

Babu wuta, ɗaki ya yi zafi, don haka a tsakar gida ta shimfiɗa wa tsohuwar darduma. Ta zuba mata ruwan alwala, ta riƙo ta har kan dardumar, ta kama kafaɗunta ta juya ta yadda take yi mata duk ranar da za ta yi salla a waje.

"Ga gabas, Iya."

"To."

Zinariya ta ja da baya tana jiran kabbara, ba ta ji ba. Ya Fanna na tsaye shiru. Can ta zaro hannu ɗaya daga cikin mayafi, ta ɗaga shi sama, ta juya bayan hannun gaba, ta juya shi baya, ta karkata fuska hagu da dama tana neman inda hasken ya fi ƙarfi. Ranar take nema. Ba ta yi da fushi ba, ba ta yi don a gani ba, wataƙila ma ta zaci Zinariya ta riga ta koma ɗakin girki. Sai da ta tabbatar zafin ranar daga bayanta yake zuwa, sannan ta mayar da hannun, ta gyara tsayuwa ta yi kabbara.